Tsarabar Giyar Gida A Jalingo: Sai An San Hannun Da Ya Dafa

A farkon watan Janairu na kowace shekara, da zarar an watse daga shagulgulan Kirsimeti da na sabuwar shekara, tashoshin mota na Jalingo kan cika maƙil da matafiya masu komawa bakin aikinsu a Abuja da Ikko da Fatakwal da Kaduna. Kowa da kayansa niƙi-niƙi. Wani doya ya ɗaure, wani busasshen kifin Binuwai, wani zuma, wani kuwa ganyen shayin Mambila. To, a cikin wannan kaya ba a rasa wata 'yar jarka da aka naɗe da buhu, wadda mai ita yake ta jaddada wa yaron mota kada a kwantar da ita, kada kuma a ɗora mata nauyi. Abin da ke cikinta shi ne burkutu, watau giyar dawa wadda aka dafa a gida, aka ba baƙo ya tafi da ita don abokan zamansa na birni su ɗanɗana abin garinsu.

Sanin kowa ne Musulunci ya haramta giya, kuma Musulmin Jalingo ba su da ruwa da wannan tsaraba. Amma Jalingo gari ne na taron jama'a. Tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi a 1893, har ya zama babban birnin Jihar Taraba lokacin da aka cire ta daga tsohuwar Jihar Gongola ran 27 ga Agusta, 1991, Fulani da Hausawa suna zaune kafaɗa da kafaɗa da Mumuye da Kona da Jukun da Tibi da sauran ƙabilu masu yawa. Ga masu bin al'adar gargajiya da kuma Kirista da dama daga cikinsu, burkutu abin sha ne na kaka da kakanni. Saboda haka maganar ta shafi kowa: wanda ke sha, da wanda ke tuƙa motar da aka sa jarkar, da maƙwabcin da za a buga wa ƙofa da tsakar dare in abin ya ɓaci.

YADDA AKE DAFA SHI

Dafa burkutu galibi sana'ar mata ce, kuma aiki ne na kusan mako guda. Da farko a jiƙa dawa ta sha ruwa, sa'an nan a tsame ta a baza a inuwa, a lulluɓe, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 3 zuwa 5, sai ta fitar da tsiro. Wannan tsiron shi ne asirin aikin duka, domin shi ke mayar da garin ƙwayar ya zama zaƙi. Daga nan a shanya a rana, a niƙa, a dama da ruwa a manyan tukwane ko ganguna, a dafa. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a sāke ɗora shi a wuta na tsawon sa'o'i, in ya huce a zuba masa ɗan ragowar dahuwar baya. Wannan ragowa ita ce ke ɗauke da yisti. Kafin kwana 2 sai a ga tukunya tana kumfa tana tsuwa, to, ya nuna ke nan.

Ƙarfin burkutu bai kai ya kawo ba. Barasar da ke cikinsa takan kama daga kashi 3 zuwa kashi 6 cikin 100, watau kusan daidai da giyar kwalaba. Yana da kauri, yana cika ciki, shi ya sa manomi kan ɗauke shi rabin abinci. In an kira gayya a ƙasar Mumuye, a wajajen Zing ko Yorro, tukunyar burkutu ita ce ladan masu noma. Haka nan ba a raba shi da bikin aure da na girbi da zaman makoki da sulhu tsakanin dangi. Baturen nan C. K. Meek, wanda ya wallafa littafinsa a kan Jukunawa a 1931, ya yi dogon bayani a kan matsayin giyar hatsi a cikin ibadarsu ta gargajiya da kuma zamansu na yau da kullum.

Har wa yau akwai maganar abinci da sutura. Mata da yawa da kuɗin wannan sana'a suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, suke sayen magani, suke rufa wa kansu asiri. Mai sayar da itace yana samu, mai injin niƙa yana samu, dusar da ta rage kuma ta tafi ga masu kiwon aladu da shanu. Dawar da suke amfani da ita ma ba abin rainawa ba ce, don kuwa da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje a 1988, manyan kamfanonin giya na ƙasar nan ga dawa suka koma.

BURKUTU BA YA SON TAFIYA

Matsalar mai tsaraba ita ce burkutu abu ne mai rai. Ba a kashe yistin da ke cikinsa kamar yadda ake yi wa giyar kamfani ba, saboda haka yana ci gaba da aiki ko a cikin jarka. In aka toshe bakin jarkar tam, iska za ta taru, jarka ta kumbura, wani lokaci murfi ya yi tsalle a tsakiyar tafiya, kayan fasinjoji su jiƙe, rigima ta tashi a mota. In kuma aka sassauta murfin, to, kowane rami mota ta faɗa sai wani abu ya zuba. Ga shi tafiya daga Jalingo zuwa Abuja ta kan hanyar Wukari takan cinye yini guda, balle Ikko.

Ko da jarka ta isa lafiya, kwananta ƙidayayye ne. Bayan kwana 2 ko 3 sai ƙwayoyin da ke cikinsa su fara mayar da barasar ruwan tsami, daɗin ya gudu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Don haka wanda ya kawo burkutu birni ba ya ɓoye shi a ɗaki. A daren da ya sauka yake aika wa 'yan garinsu, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kawo ƙoƙuna in akwai, a gasa doya ko nama da yaji. Ana sha ana tambayarsa labarin gida: wa ya yi aure, wa ya rasu, yaya damina ta yi, gonar wane ce shanu suka shiga. Kafin gari ya waye jarka ta zama wayam, kowa kuma ya ji kamar shi ma ya je hutun.

Akwai kuma maganar hanya da doka. Taraba ba ta cikin jihohi 12 na Arewa da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga 1999, amma maƙwabtanta Gombe da Bauci suna ciki, haka ma Kano, inda hukumar Hisba ta sha farfasa kwalaben giya a bainar jama'a. Wanda ya ɗauki jarka daga Jalingo ya nufi Kano, to, ya san ya shiga ƙasar da dokarta ta sha bamban da ta inda ya fito.

WADDA KE JURE TAFIYA

Saboda burkutu ba ya jimiri, wasu matafiya sun fi son tsarabar da ba ta lalacewa, watau gogoro. A nan ya kamata mai karatu ya bambanta abu biyu. Giya irin su burkutu da fito da bammi, barinsu ake yi su nuna da kansu. Gogoro kuwa barasa ce wadda ake samu in an dafa giyar da ta riga ta nuna, aka kama tururinta ta cikin bututu mai ratsa ruwan sanyi, ya koma ruwa fari fat kamar na rijiya. Asalinsa daga ƙasashen bakin ruwa na kudu ne, inda ake yin sa da bammin tukurwa, ƙarfinsa kuma yakan kai kashi 30 zuwa 60 cikin 100. Watau ƙaramin kofi ɗaya nasa yana iya fin ƙoƙon burkutu cike.

Shi gogoro tafiyarsa daga kudu zuwa arewa ce. Soja ko ɗan sanda ko ɗan ƙwadago da ke aiki a kudu, in ya zo hutu Jalingo yakan riƙo shi a gorar ruwan roba wadda ba ta da suna ba ta da hatimi. Ana kuma samunsa a mashaya kamar yadda ake samu a sauran biranen ƙasar, wani lokaci an jiƙa saiwoyi da sassaƙe a ciki ana cewa maganin basir ne ko na zazzaɓi. A Jihar Filato, wadda ke iyaka da Taraba, akwai wata irin barasar gida da ake kira goskolo, wadda shugabannin addini da na al'umma suka daɗe suna kuka da yadda take cinye samari.

Tarihin gogoro a ƙasar nan tarihin ɓoyo ne. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890 ta ba da damar hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Turawan mulkin mallaka kuma suka sa Arewa cikin wuraren da aka haramta sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai. A kudu kuwa harajin jin da ake shigowa da shi daga Turai yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin Gwamnati. Da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, kuɗi ya yi wuya, sai sana'ar dafa barasa a gida ta bazu kamar wutar daji, Gwamnati ta haramta ta, masu yi suka shige surƙuƙi da ita. Gana ta halatta irin tata, wadda suke kira akpeteshie, a 1962. A Nijeriya kuwa, ko bayan da aka daina farautar masu yi kamar dā, sana'ar ba ta sami mai duba ta yadda ya kamata ba.

YADDA MUTANEN GIRKA SUKE YI

Wannan ɗabi'a ta ɗauko barasar gida bayan hutu ba a Nijeriya kaɗai take ba. Ƙasar Girka, wadda miliyoyin masu yawon shaƙatawa suke zuwa kowace shekara, ta yi suna a kanta. A can suna da tsifuro, a tsibirin Kirit kuma suna kiran tasu tsikudiya ko raki. Da tuƙar inabi ake yin ta, watau ɓawo da 'ya'yan da suka rage bayan an matse ruwan. Sai a zuba tuƙar a ganguna ta yi makonni tana nuna, sa'an nan daga watan Oktoba zuwa Disamba a dafa ta a wata babbar tukunyar jan ƙarfe da suke kira kazani. Ƙarfinta yakan kai kashi 40 cikin 100 ko fiye. Mutanen ƙasar suna cewa masu zaman zuhudu na Dutsen Atos ne suka fara yin ta tun ƙarni na 14.

A Kirit, in baƙo ya gama cin abinci a gidan abinci na ƙauye, sau da yawa sai a kawo masa 'yar kwalabar raki kyauta. Baƙi da yawa sukan ji daɗinta har su roƙi a ɗura musu a gorar roba su tafi da ita Ingila ko Jamus, inda za su tara abokai su ba su labarin hutu, kamar dai yadda ɗan Jalingo yake yi da jarkarsa a Ikko.

Amma akwai bambanci babba. Tun wajen 1920, zamanin Firayim Minista Eleftherios Venizelos, wanda shi kansa ɗan Kirit ne, Gwamnatin Girka ta zaɓi ta ba manoman inabi lasisi maimakon ta kore su daji. Kowace tukunya tana da rajista. Ma'aikatan kwastan suna sa mata hatimi, ba a buɗe ta sai lokacin dahuwa, izinin kuma na 'yan kwanaki ne ƙidayayyu, har ana kiran ƙananan masu sana'ar da sunan da ke nufin 'yan kwana biyu. Ranar dahuwa ranar biki ce, dangi da maƙwabta duk suna wurin, ana gasa nama, kowa yana ganin abin da aka zuba a tukunya da abin da ya fito. Sa'an nan ba a shan ta da cikin wofi. A ɗan mitsitsin kofi ake kurɓa, tare da zaitun da cuku da busasshen burodi.

Duk da haka, ko a can gorar roba marar suna ba ta da gurbi a dokar jiragen sama. Ƙa'idar ita ce barasar da ƙarfinta ya wuce kashi 24 amma bai wuce kashi 70 ba, fasinja zai iya sa har lita 5 a cikin kayansa, muddin tana cikin kwalabarta ta kanti. Wadda ta haura kashi 70 kuwa ba ta shiga jirgi sam, domin wuta take kamawa. Wannan ƙa'ida ta shafi mai tashi daga Girka, ta kuma shafi mai tashi daga filin jirgin sama na Ɗanbaba Suntai a Jalingo.

GUBAR DA BA TA DA KAMA

Abin tsoro a cikin barasar da ba a san mai ita ba shi ne wata guba da ake kira metanol. Kamanninta ɗaya da barasar sha, warinsu kusan ɗaya, harshe ba ya rarrabe su. 'Yar kaɗan takan samu a dahuwa, musamman ta 'ya'yan itace, shi ya sa gwanin sana'a yake zubar da ruwan farko da ya ɗigo daga bututu. Amma mafi yawan mace-macen da aka yi a duniya, daga hannun mugayen 'yan kasuwa suka fito, waɗanda ke sayen metanol na masana'antu da araha su gauraya don gora ɗaya ta zama uku.

Likitoci sun tabbatar cewa mililita 10 na metanol tsantsa, watau cokalin shayi 2, yana iya makantar da mutum, mililita 30 kuma yana iya kashe shi. Muguntar abin ita ce ba ya nunawa nan take. Mutum zai sha ya yi maye kamar kullum, ya kwanta, sai bayan sa'a 12 zuwa 24 ciwon kai ya taso, da amai, da ciwon ciki, da haki, ido ya fara gani dishi-dishi kamar ana hazo. A lokacin hanta ta riga ta juya gubar ta zama wani ruwa mai cin jijiyar ido.

Nijeriya ta ga wannan da idonta. A watan Afrilu na 2015 mutum aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo. Da farko aka yi ta raɗe-raɗin cewa wani abin bauta ne ya yi fushi, sai bincike ya nuna gogoro ne mai metanol. A watan Yuni na shekarar kuma kimanin mutum 70 suka rasa rayukansu a Jihar Ribas ta wannan hanya, har Gwamnati ta ba da sanarwar hana sayar da shi. Ba talaka kaɗai abin yake ci ba. A watan Nuwamba na 2024 baƙi 6 'yan yawon shaƙatawa daga Ostireliya da Denmak da Ingila da Amurka suka mutu bayan sun sha barasa mai guba a garin Vang Vieng na ƙasar Lawos. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wanda duk ya ga waɗannan alamu a jikin wani bayan shan barasa, kada ya tsaya ba shi manja ko madara ko jiƙo, kada kuma ya ce a bari ya yi barci ya wartsake. A garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar gorar, a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha ba tare da jin kunya ba, a kuma nemo duk waɗanda suka sha tare da shi ko da ba su fara jin kome ba. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha. Akwai magani, akwai kuma wankin jini, amma sai an zo da wuri.

Shi ma burkutu ba a wanke shi tas ba. Dawar da ta yi fumfuna tana da tata gubar mai taɓa hanta, ruwa marar tsabta yana kawo gudawa, tsohuwar gangar da aka taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki kuma ba ta dace da dahuwa ba. Akwai masu tsiyaya gogoro a cikin burkutu don ya ƙara kama kai, wannan kuwa ya fitar da shi daga abin da kakanni suka sani. Yawan sha, kowane iri ne, yana cin hanta da aljihu da zaman iyali, direban da ya kurɓa kuma ba shi da halin riƙe sitiyari.

ABIN DA YA RAGE A YI

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, ita ke yi wa abin sha na kwalaba rajista. Amma hannunta ba zai kai kowace tukunya a kowane ƙauye ba. Tarihi ya nuna hani kawai ba ya kashe sana'ar, sai dai ya tura ta inda ido ba ya gani. Darasin Girka shi ne a san masu dahuwa, a rubuta sunayensu, a duba tukwanensu, a koya musu abin da za su zubar da abin da za su ajiye, a kuma tsananta wa masu sayar da metanol ga wanda ba masana'anta gare shi ba. Wannan aiki ne da ƙananan hukumomi da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata masu sana'ar za su iya farawa ba sai an jira Abuja ba.

Kafin a kai ga haka, kariyar mai tsaraba ɗaya ce, wadda kuma mutanen ƙauye suka daɗe da sani. A gidajen burkutu da yawa, mai dahuwa takan fara kurɓa daga ƙoƙon kafin ta miƙa wa baƙo, don ya san abin da ta ba shi ita ma ta sha. Kowa ya san gidanta, ya san mijinta da 'ya'yanta, in wani abu ya faru an san ƙofar da za a buga. Jarkar da ta fito daga irin wannan hannu, mafi yawan abin da za ta yi wa mai ita shi ne ta yi tsami a hanya. Gorar da aka saya a bakin tasha kuwa, wadda ta bi hannu biyar kafin ta iso, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya kurɓa ta farko. Wanda ya kai ta gida ya zuba wa ƙannensa da abokansa, su ne za su zama masu ɗanɗanawar.